Ranar da Na Kafa Tirepiye a Gonar Mutane

Sati uku na yi ina nazari kafin in zaɓi kayan ɗaukar hotona: tirepiye mai ƙafa uku, jile, wato falmaran, ruwan ɗorawa mai aljihu goma, da karne, ɗan littafin rubutu. A ganina, ba sauran kuskure.

A Urno na kafa tirepiyen bakin wata gonar hatsi, don hoton gawo ɗaya. Na ƙirga taku zuwa gindinsa, na rubuta, na sake ƙirgawa don tabbatarwa. Da na ɗago, ga tsoho mai gonar tare da maigari.

Tsohon ya ce, "Mushe, ranka ya daɗe, ka ji tsoron Allah! Ta gonata hanyar za ta bi? Ita ɗai gare ni."

Bayanina da Faransanci ƙara firgita shi ya yi. Har yau in na je, sai a ce, "Injiniya, yaushe za a zuba wa hanyar gudron?"