Ranar da Na Yanke Maɗaurin Hannun Balkisa

Ba zan taɓa mantawa da wata Asabar ta bazarar bara waccan ba, ko da kuwa na so in manta. Ni mai kitso ce a Bronx, kuma duk wanda ya san ni a University Heights zai gaya muku ba na ajiye magana a ciki. Sai da na aurar da babbar 'yata na shiga makaranta: ajin Turanci da yamma, Islamiyyar manya ran Lahadi. Karatun ya shige ni da zafinsa. Abin da aka koya mana yau, gobe sai na gwada shi a kan wani (masu zuwa kitso sun sha wa'azi kawunansu na hannuna, ba halin gudu).

Maƙwabciyata Ramatu, 'yar Maraɗi ce, mijinta na kasa kaya a Canal Street. Tana da 'ya ɗaya, Balkisa, mai ciwon sikila. Yarinyar ba ta jure tsayuwa cikin rana. In ta galabaita ciwon ya tashi, sai asibiti. Tun tana ƙarama take mafarkin hawa rola-kostan filin wasan da ke bakin teku a Brooklyn, jirgin nan mai hawa sama ya sulmiyo da mutane suna ihu. Kullum layinsa ne ke hana ta. A bazarar nan likita ya ce za ta iya, muddin ba za ta tsaya a rana ba.

Autata Rukayya ce ta samo hanya. Ta ce yanzu ana kama lokacin hawa tun daga gida ta waya. In ka je, a ɗaura maka wani maɗaurin roba a wuyan hannu, lokacinka na ciki. Yana yi ka miƙa hannu a na'ura ka wuce, ba layi. Ta kama mana mu huɗu: ni, Ramatu, Balkisa da Mma Adiza, wata dattijuwa 'yar Kumasi da ke hawa na ƙasa, wadda ta ce ita iskar teku kawai za ta sha. Rukayya na da aiki ranar, amma har bakin ƙofa ta biyo ni.

"Mama, abu ɗaya. Kada kowa ya cire abin hannun nan."

"Na ji. Kin ɗauke ni yarinya ne?"

Muka hau jirgin ƙasa na layin D tun daga samansa har inda ya ƙare. Aka ɗaura mana maɗauran, shuɗaye. Balkisa sai juya hannu take tana kallon nata kamar an sa mata lalle. Lokacinmu bayan azahar ne, don haka muka samu inuwa muka ci abinci, na ce a yi salla tukuna.

A wajen famfo Shaiɗan ya same ni, kuma da rigar malamai ya zo. Makon nan aka karantar da mu babin alwala: duk abin da ya hana ruwa taɓa fata, alwala ba ta yi ba. Na dubi robar nan a hannuna, na ji ilimi ya motsa.

"Ku tsaya! Ba mai alwala da wannan abin."

Ramatu ta ce, "To Hajiya, mi za mu yi? Ba ya fita."

Na zuge jaka na ciro ɗan almakashin da nake datse bakin kitso da shi. Na yanke nawa, ƙat. Na yanke na Ramatu. Mma Adiza ta ce, "Hajiya, abin nan na motsi fa, ruwa na shiga ƙarƙashi."

"Mma, ke ba ki zo aji ba. Bar wa waɗanda suka je."

Haka na faɗa wa matar da ta girme ni nesa ba kusa ba. Ta dube ni, ta ja mayafi ta rufe hannunta, ta koma famfon can gefe.

Saura Balkisa. Ta ɓoye hannu a bayanta. Hausarta a tsintsinke take, amma ta harhaɗa.

"Gwaggo, Anti Rukayya ta ce no. Ta ce kar a cire."

"Rukayya ce ta haife ni ko ni na haife ta? Lilo ya fi salla? Kawo hannun."

Ta dubi uwarta. Uwar ta sunkuyar da kai, don kowa na shakkar bakina. Yarinyar ta miƙo hannun a hankali. Har yau ina jin siririn hannun nan a tafina. Na yanke, na haɗa ukun na zuba a jaka, na ce ai ga su nan, ba wanda ya ɓata.

Da lokaci ya yi muka nufi ƙofar masu kamun lokaci, ni a gaba. Wata budurwa mai aiki a wurin ta ce mu miƙa hannu. Na zazzage mata yankakkun robobi a tafi. Ta dube su, ta dube ni, ta ce cikin ladabi wanda aka yanke ya mutu, don kada wani ya ba wani nasa. Sai dai mu je ofis a sake mana, ita ba ta da iko.

Nan fa na buɗe Turancin ajin yamma gaba ɗayansa. Na ce mun san irinku. Na ce don kin ga lulluɓi ne. Na ce ƙasar nan akwai doka, a kira min manaja. (Kalmar nuna bambanci da malamarmu ta sha wahala kafin ta zauna a bakina, ranar sai da na faɗe ta har ta gaji.) Mutane suka taru, wasu suka ɗaga waya. Ina cikin haka wasu mata biyu masu hijabi suka zo, suka miƙa hannu, na'ura ta yi ƙara, suka wuce. Ɗayarsu har da yi min sallama.

Ban yi shiru ba duk da haka. Sai na ji an kama hannuna na dama an ɗaga sama. Mma Adiza ce. Ta girgiza shi, awarwaron zinarena ya yi ƙara. Tun ina siririya na sa shi, yanzu ko da sabulu ba ya fita.

"Hajiya, wannan fa? Shekara nawa kina alwala da shi? Kin yanke?"

Da ƙyar na ce, "Me ya sa ba ki faɗa a can ba?"

"Na fara. Kin ce ban zo aji ba."

Ban san inda zan sa idona ba, sai ya faɗa kan Balkisa. Ba ta yi kuka ba, da ma ta yi. Tana tsaye tana shafa wurin da robar take. Ta ce wa uwarta za ta bi dogon layin, za ta iya. Ramatu ta dubi layin, ya nannaɗe cikin rana ba ko inuwa.

"A'a ɗiyata. Ki yi hanƙuri. Ba ni iya ganinki kwance kuma."

Budurwar ta ce mai maɗauri ɗaya za ta iya shiga yanzu, kafin lokacin ya wuce. Balkisa ta juya ga Mma Adiza.

"Mma, ki hau. Ki gaya min yaya yake."

"Ni? Da gwiwar nan? Kai, yarinyar nan za ta kashe ni!"

Amma ta miƙa wa Ramatu jakarta, ta ɗaure mayafi a ƙugu, ta yi bisimilla ta shiga.

Ni kuwa na kwasa a guje zuwa ofis. Can ma layi. Ina tsaye ina jin ihun mutane daga sama, ba ni da bakin cewa a yi sauri. Da na isa gaba suka sake mana maɗaurai ba gardama, amma lokacinmu ya wuce, kuma na ranar duk an kame. Na roƙa. Ni da ban iya roƙo ba, na roƙa har muryata ta canja. Babu.

Na dawo na same su a benci. Ɗankwalin Mma ya karkace, tana haki, Balkisa ta riƙe mata hannu tana tambaya: a saman ana ganin teku? Cikinki ya yi yaya?

"Teku? Wa ya buɗe ido? Na yi kalmar shahada tun daga sama har ƙasa. Abin nan ba na mutane ba ne koraa, ko kaɗan!"

Yarinyar ta yi dariya, ta sake tambaya, ta sake, har Mma ta rasa abin ƙarawa. Sai Balkisa ta ɗaga kai tana kallon jirgin yana hawa. Na durƙusa a gabanta da sababbin robobin da ba su da amfani, na ce ta yafe min. Ta ce, "Ba komai, Gwaggo." Irin ba komai ɗin da yaro ke faɗa don an koya masa.

Washegari a Islamiyya na tambayi malaminmu. Ya ce abin da ke motsi ruwa na ratsa ƙarƙashinsa ba ya hana alwala, kuma da ma mako mai zuwa zai kai wurin. Rabin babi na karanta na ɗauki almakashi.

Balkisa ta hau jirgin a bazarar da ta biyo. Rukayya ce ta sake kama musu lokaci, ita ta raka su. Ba wanda ya gayyace ni, ni ma ban tambaya ba; a waya na ga hoton, bakinta har kunne. Har yanzu ina zuwa aji, bakina kuma bai mutu ba. Sai dai in na ji sabon karatu na yi min ƙaiƙayi, nakan bari malam ya kai ƙarshen babin tukuna, kuma a jikina nake fara gwadawa, ba a hannun 'yar mutane ba.