Geron da Ya Ɗauki Azumi

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na tsaya kare aikin digirina na biyu ba, ba a daɗe da komawar soja bariki ba. Aikin a kan wata manhajar kwamfuta ne: ka ba ta zafin gari da hasken rana, ta lissafa maka yadda ganyen gero zai haɗa abincinsa idan duniya ta ƙara ɗumi.

A gidan Kawu Sale nake zaune a Agege, dillalin hatsi ne a kasuwar Mile 12. Ya riga ya cika unguwa da cewa ɗansa na magana da gero ta na'ura. Ran nan ya zuba babbar riga ya biyo ni cikin motar haya ta danfo. (Na so ya zauna a gida, amma wa zai faɗa wa Kawu haka?)

Abin da bai sani ba, sai ana gobe na gama shigar da alƙaluman a wani shagon kwamfuta, mai shago na tsaye a kaina wai man janareta ya kusa ƙarewa. Ban ko duba sakamakon ba.

Malamai na jere a gabana, na saka faifan aikin a kwamfuta. Kwamfutar ta yi ta gurnani, ni kuma gumi har cikin takalmi. Da zanen sakamakon ya fito sai na hau zuba Turanci. Shugabarsu, wata farfesa Bayarabiya da ta yi zaman Zariya, ta matso ta ƙura wa allon ido. Na bi idonta.

Layin da ke nuna haɗa abincin geron a kwance yake tun safe har magariba. Rana na faɗuwa ya miƙe sama, bai sauko ba sai asuba. Ashe a garin sauri na juya awannin rana zuwa na dare.

Ta juyo, cikin Hausa ta ce, "Malam, geron naka azumi yake yi?"

Sai muryar Kawu daga baya, cike da alfahari: "Ai Hajiya, gidanmu ba a wasa da ibada."

Har mai gadi sai da ya leƙo jin dariya. Aka ce in gyara in dawo zango mai zuwa, kuma a hanya ni na yi wa Kawu bayanin abin da ya faru.

Tun daga ranar na gane kwamfuta ba ta rufa asiri. Abin da ka ba ta a ɓoye, shi za ta faɗa a gaban kawunka.