Rabin Sitiyarin Baban Nafisa

Tun da maigidana ya rasu ban yi dariya har cikin cikina ba sai ranar da yayansa ya tuƙa motarsa. Duk ƙawar da na ba labarin sai ta je ta ƙara masa gishiri, har shekaranjiya a gidan suna na ji ana cewa wai motar tashi sama ta yi da mai unguwa a ciki. Ba ta tashi ba. Ga yadda aka yi.

Sunana Lantana, a Tudun Wadan Zariya muke. Baban Nafisa, Allah ya jiƙansa, kayan sola yake sayarwa, kuma mutum ne mai son sabon abu. In ya ga na'ura mai maɓalli ba ya samun sukuni sai ya danna. A shekararsa ta ƙarshe ya rabu da tsohuwar motarsa ya kawo mana wata ta hannu mai amfani da lantarki. Ba ta shan mai, jona ta ake yi da wuta kamar waya, ta kwana tana caji a zaure. Ba ta ƙara, ba ta hayaƙi. Amma abin da ya fi ɗaure wa mutane kai shi ne sitiyarinta. Ba zagayayye ba ne kamar faifai irin wanda muka sani. Kamar an ɗauko sitiyari an datse samansa ne, aka bar ƙasan da wurin riƙo biyu, dama da hagu. Masu hawa jirgin sama sun ce irin na matuƙin jirgi ne. Babu sandar sigina a gefe, komai 'yan maɓallai ne a jikinsa.

Ranar da ya kawo ta na tambaye shi ko kuɗinsa ne bai kai na cikakken sitiyari ba. Ya ce in bar ƙauyanci, an yi shi haka ne don direba ya riƙa ganin allon gabansa sarai. A filin Idi ya koya mini ita. Gaskiya a miƙaƙƙiyar hanya daɗi gare ta. Amma a lungu, ko wajen ribas, sai mutum ya tattara hankalinsa wuri ɗaya. Ginshiƙin ƙofar gidanmu shaida ne, akwai tabona a jikinsa, akwai nasa, kuma nasa ya fi girma ko da yake har ya koma ga Allah bai yarda ba.

Ya bar ni da 'ya'ya mata uku, babu namiji, don haka yayansa yana da rabo a gado. A motar nan nake kai yaran makaranta. Ƙaramar har yanzu in ta shiga sai ta shinshina kujerar gaba ta ce ƙamshin turaren Baba.

Ina fita takaba sai ga Yaya Haladu daga ƙauye, can wajen Soba, ya zo ganin abin da ƙanensa ya bari. Tsohon direban gingimari ne, ya yi shekaru yana kai shanu Kudu, kuma a ganinsa duk abin da ke da taya huɗu ƙanensa ne. Ya ci tuwo, ya yi wa mamaci addu'a har ya share hawaye, ni ma na share. Sai ya ce a nuna masa motar.

Ya zagaya ta yana ƙwanƙwasa jikinta kamar mai sayen tulu. Ya ce in buɗe masa boneti. Na buɗe. Ya leƙa, ya ga sallaya da tsohuwar lema da takalmin makarantar Nafisa.

"Lantana."

"Na'am, Yaya."

"Ina injin?"

"Ba ta da irin wannan injin, Yaya. Batir ne a ƙarƙashinta."

Ya koma baya ya tsuguna, ya leƙa ƙasa, ya daɗe yana leƙe.

"Salansa fa?"

"Ita ma babu."

"Uhm. Ita ma babu."

Ya miƙe ya karkaɗe gwiwa, ya buɗe ƙofar direba. Wallahi salatin da ya saka sai da kajin maƙwabta suka watse. Ya dafe kai ya juyo ya dube ni.

"Inji kin sayar, na gane, ana sayen inji. Salansa kin ba 'yan gwangwan, shi ma na gane. Amma sitiyari, Lantana? Wane marar tsoron Allah ne yake sayen rabin sitiyari?"

Da wani ne ya faɗa da dariya zan yi. Amma yayan miji ne, kuma da ƙarfi ya faɗa, a ƙofar gida, matan layinmu duk sun leƙo ta saman katanga. Kun san unguwa. In aka ce mace ta ci kayan gado tun ƙasar kabarin mijinta ba ta bushe ba, ta gama shiga mutane, kuma 'ya'yanta za a riƙa nunawa da baki. Ya ce tunda ba ni da amana, da motar zai tafi ƙauye a ajiye ta a gabansa kafin in sayar da tayoyin. Na ce a kira mai unguwa.

Mai unguwarmu, Malam Bawa, dattijo ne mai sanyin hali wanda ba ya son a ce ya goyi bayan wani. Ya zo ya leƙa boneti, ya leƙa sitiyari, ya shafa gemu.

"To, Alhaji Haladu, ni dai ina ganin motar nan tana wucewa kullum da safe."

"Da inji take wucewa, ranka ya daɗe. Yanzu fa?"

"Lantana, yaushe rabonki da tuƙa ta?"

"Ɗazu na ɗauko yara, Baba."

"Ka ji ko? Ɗazun nan aka cire ke nan," in ji Yaya.

Malam Bawa ya ce shi ba zai yanke hukunci a kan abin da bai sani ba, a kai ta Sabon Gari wurin masu gyara su duba. Yaya ya ce to a tara majiya ƙarfi su tura. Na shiga na zauna, na taka, mota ta silalo waje shiru kamar kyanwa. Na tsaya a gabansa na sauke gilashi.

Ya dubi motar, ya dubi ƙasa, ya ce, "Gangara ce."

"Hawa ne, Alhaji," in ji mai unguwa a hankali.

"To ko ma mene ne, sauko. Ina raye mace ba za ta tuƙa ni ba. Kuma na san wurin bakaniken da kuka haɗa baki za ki kai mu."

Na ce, "Yaya, sitiyarin nan sai an saba. Ka bari in nuna maka."

"Ni za ki nuna wa sitiyari? Ina tuƙi tun ba a yaye ki ba. Na sauko da shanu daga tsaunin Lakwaja ba birki."

Na koma kujerar gefe. Malam Bawa ya shiga baya yana bismilla. Yaya ya zauna ya gyara babbar riga, ya fara laluben inda ake sa makulli. Na ce a kunne take. Ya ce shi bai ji ba. Na ce ba a ji. Ƙafarsa ta hagu tana ta taka ƙasa tana neman kuloci, hannunsa na dama yana ta damƙar gwiwata yana neman giya, har sai da na ce, "Yaya, ni ce." Ya janye hannu kamar ya taɓa garwashi, ya yi istigfari. Na miƙa hannu na sa masa motar a giyar tafiya gaba.

Ya taka totur irin takun gingimari. Motar nan ta zabura, hular mai unguwa ta faɗa bayan kujera.

"Alhaji Haladu, a hankali! Ina da iyali!"

"Gwada ta nake yi, ranka ya daɗe."

Da muka hau babban titi abin ya daidaita. Hanya a miƙe, hannu ɗaya dama ɗaya hagu, har na ga Yaya ya fara kaɗa kai. Ya ce ba laifi, duk da an yi mata sata tana da sauran ƙarfi. Can sai ga wata mai tallan awara tana tsallaka titi da faranti a ka, ko waiwaye ba ta yi, don ba ta ji zuwan komai ba. Yaya ya daki tsakiyar sitiyari da tafin hannu. Shiru. Ya sake duka. Shiru.

"Har hon ɗin kika sayar?"

"Ɗan maɓalli ne a dama, Yaya, ga shi nan!"

Ina! Ya riga ya zura kai ta taga.

"Ke! Ke mai awara! Mota!"

Matar ta yi tsalle gefe, ta bi mu da baƙar magana har da ta kakanni. Malam Bawa a baya ya bar bismilla ya koma hasbunallahu.

Sai ga shataletale. Na ce, "Yaya, rage gudu, ka sa sigina, kuma kada ka saki inda ka riƙe." Ya kai yatsu gefen sitiyari inda sandar sigina take a motocin duniya, yatsun suka wuce fayau. Ya danna maɓallin da ya samu, ruwa ya feso a gilashi, waifa ta hau aiki.

"Wa ya ce a yi ruwa?"

"Ɗayan, Yaya! Na hagu!"

Lokacin mun riga mun shiga. Ya murɗa sitiyari hagu, daidai. Sai hannun direban gingimari ya tuna aikinsa. Kun san yadda suke yi, hannu ya haye kan hannu a kamo saman sitiyari a ja. Yaya ya saki dama ya kai cafka sama. Iska. Ya saki hagu ya kai cafka. Iska. Sitiyarin ya juye ƙafa a sama, wurin riƙon ya koma inda ba ya tsammani, shi kuwa yana ta damƙar sarari hannu bibbiyu kamar mai kama sauro a ɗaki, babbar riga tana ta fal-fal.

"Ina yake? Lantana, ina yake?"

"Birki, Yaya! Taka birki!"

Allah ya sa wannan ɗaya yana inda ya san shi. Ya taka. Motar ta bar shataletale ta miƙe a hankali, ta je ta cusa hanci cikin tulin harawa da wani bawan Allah ya jibge a bakin titi yana jiran masu raguna. Dammunan harawa suka zubo mana a ka, duhu ya rufe gilashi, waifa tana ta share ganye.

Babu wanda ya ji ko ƙwarzane. Muka fito muna kakkaɓe jiki. Mai harawar ya taso daga inuwa da sanda a hannu, ya tsaya yana kallonmu baki buɗe.

"Haba bayin Allah! Ko akuya ce ta zo ci ai ina jin tafiyarta. Wannan ko gyaran murya babu?"

Nan da nan aka taru, 'yan acaɓa da masu shaguna da 'yan makarantar jami'a. Maimakon a tambayi lafiyarmu, kowa sitiyarin yake leƙe yana ɗaukar hoto. Wani yana cewa irin mai sitiyarin jirgi ce, ya gani a waya. Wani ya ce haka ake ƙera su, har a can ƙasar masu yin ta ana ta gardama a kai, wasu ma sukan sa a canja musu da zagayayye. Wani ya roƙi a buɗe masa boneti ya ga wurin zuba kaya. Malam Bawa ya samo hularsa ya saka, ya sunkuya ya shafa saman sitiyarin da yatsa, ya ga fata ce lafiyayya da ɗinkinta, babu alamar zarto. Ya miƙe ya ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Alhaji Haladu, ba sai mun je Sabon Gari ba. Yarinyar nan ba ta taɓa komai ba. Haka motar ta zo duniya."

Na ji kamar an sauke mini dutse daga ka. Na so a ce matan layinmu suna wurin, amma na san kafin mu koma labari ya riga mu.

Yaya Haladu yana tsaye, ganyen harawa a gemu, wani a kunne. Bai dube ni ba. Ya yi gyaran murya ya ce, "To, na ji. Amma ko haka aka ƙera ta, kayan ƙanena ce. Ina da rabo a cikinta, kuma ba zan koma Soba hannu wofi ba."

Malam Bawa ya juyo gare ni. "Lantana, kin ji. Me kika ce?"

Na durƙusa kamar yadda ake yi wa yayan miji, na ce, "Gaskiyarsa ne, Baba. A ba Yaya rabin sitiyarin na sama, tunda shi na ga yana ta kamawa. Ni da marayu na ƙasan ya ishe mu."