Yadda Aka Tsare Motar Alhaji daga Ɓeraye

Ƙawata Balaraba, ajiye abin da ke hannunki ki gyara zama, yau na zo miki da labarin da zai mantar da ke ciwon gwiwa. Suna dai ba zan kama ba, kada in ci naman ɗan'uwana musulmi. Matarsa mu kira ta Zalika.

Wani ne a Badaguishiri. Manomi, mutumin kirki, salla ba ta wuce shi, ba a taɓa jin kansa da kowa ba. Illarsa guda ce: in tunani ya shiga kansa, ba ya fita sai ya ga ƙarshensa. Cinsa da na iyalinsa daga wata garka yake fitowa a bakin fadama, inda yake albasa da tumatir da rani. Garkar kuwa ba tasa ba ce. Ta yayan matarsa ce, Alhaji Abarshi, ɗan kasuwa a Birnin Konni. Aro ya ba shi.

Shekarar da aka rufe iyakar Najeriya kasuwa ta kwanta a Konni, man mota ya yi wuya. Alhaji ya ce zai tafi Abijan ya taɓa nema kafin hanya ta buɗe. Yana da wata mota Fijo fara, ƙirar 404 da muke ce wa kat-san-kat, wadda yake ji da ita kamar ɗan fari. Ya ce in ya bar ta a Konni samarin gidansa za su kashe ta da yawo, gara ya kai ta wurin wanda bai iya tuƙi ba. Ya tuƙo ta har ƙofar gidan mutumin nan, ya tsayar da ita ƙarƙashin dogon yaro, dab da rumbu. Ya cire batir ya sa a buhu.

Ya ce, "Mijin Zalika, ga amana. Ban ce ka tuƙa ba, ban ce ka gyara ba. Kallo kawai. In na dawo na iske ta yadda na bar ta, garka ta zama taka. In na iske wani abu, ka nemi inda za ka shuka albasa."

Mutumin ya dafa ƙirji ya ce ko ƙuda sai da izininsa.

To daga ranar, kullum aka yi la'asar sai ya sa rigarsa ta Juma'a, ya shiga mazaunin direba, ya ɗora gwiwar hannu a taga. Duk wanda ya wuce ya gaishe shi, sai ya ɗan ɗaga yatsu biyu daga kan sitiyari, irin na manya. Yana zaune yana ɓare gyaɗa, yana gurgurar ƙuli-ƙuli, gari na zuba ƙarƙashin kujera. Ba a yi nisa ba ya fara ganin soson kujera a tsattsage, ga baƙin kashi kamar an watsa riɗi. Wata rana yana cikin zama wani ɓera ya leƙo ta gefen sitiyari, ya dube shi sama da ƙasa, ya koma abinsa ba gaggawa.

Albasarsa kawai yake gani tana tafiya.

Zalika ta ce, "Malam, ka bar cin gyaɗa a ciki, ka share ta, su da kansu za su watse."

Ya ce, "Ke mi kika sani ga mota?"

Ya tafi wurin Hayatu maƙeri ya ce a ba shi tarko. Hayatu ya nuna masa ƙanana, ya ce a'a, motar babban mutum ba a sa mata ƙaramin tarko. Ya ɗauko na gafiya, mai haƙora, wanda sai an taka da ƙafa yake buɗewa. Ya ɗana shi a kan mazaunin direba, tunda nan ɓarna ta fi yawa. Ya sa ƙuli-ƙuli. Sannan ya rufe da tsumma don kada ɓeraye su gane.

Kashegari ranar kasuwa ce. Yana fitowa daga gida da rigarsa ta Juma'a, sai ya hango liman tafe da dattawan unguwa. Ya ce yau fa liman zai gan shi a mota. Ya yi sauri ya buɗe ƙofa ya faɗa kujera da dukan nauyinsa.

Tarko ya yi aikinsa.

Kafin ya buɗe baki, liman ya riga ya iso taga. Mutumin ya haɗiye ihun, ya damƙe sitiyari da hannu biyu.

"Ina wuni?"

"Lahiya lau, Malam."

"Ina gajiya?"

"Ba gajiya."

"Ya iyali? Ya zaman mota?"

"Muna... muna godiya."

Liman ya gama, na bayansa ya ɗauka daga farko. Kin san dattawanmu da gaisuwa, sai sun tambayi kaji. Zufa ta keto masa, hawaye suka biyo. Liman ya duba ya ce, "Allah sarki, kewar Alhaji ce. Ku zo mu yi wa matafiyi addu'a." Suka ɗaga hannu. Liman bai bar kowa ba, ya roƙa wa Alhaji, ya roƙa wa kasuwarsa, ya roƙa wa duk wanda ke kan hanya ta ƙasa da ta ruwa. Ba wanda ya kai mutumin nan ƙarfin amin. Suka tafi suna cewa yau sun ga suruki mai ƙauna.

Sai da aka kira Hayatu da awartaki aka raba shi da tarkon. Ƙuli-ƙulin kuwa tuni ɓeraye sun janye shi ta ƙarƙashin tsumma. Ya yi kwanaki a tsaye yake shan fura, zaman tahiya sai da dabara.

Da ya ji sauƙi ya ce tarko ba abin arziki ba ne, magani za a sa. Ya shiga kasuwa ya sami mai maganin ɓera, ga busassun ɓeraye a rataye a igiya don shaida. Mai magani ya ba shi ɗan ƙulli kamar kan yatsa, ya ce a cakuɗa da abin da suke so, duk wanda ya lasa ba zai ga gobe ba.

A hanya tunani ya shiga kansa. Ɓerayen nan suna da yawa. In ya zuba maganin a ɗan tafin gero, manya za su cinye su bar ƙanana. Abin da ya kamata shi ne kowa ya samu rabonsa. Ya isa gida ya ciko buhu da gero, ya juye ɗan ƙullin a ciki, ya ari muciyar Zalika ya juya sosai. Ya kinkimi buhun ya ajiye a kujerar baya, ya buɗe masa baki.

Zalika ta ce, "Malam, wanga magani ne ko walima?"

Ya ce ta jira ta gani.

Aka jira. Buhu ya yi ƙasa, ɓeraye suka yi sama. Suka yi ƙiba, gashinsu na sheƙi. In ya buɗe ƙofa ba sa ma gudu, sai dai su ɗan matsa masa wuri. Ya tsaya ya yi nazari, ya dawo ya gaya wa Zalika ya gano bakin zaren. Waɗanda suka ci maganin duk sun mutu. Waɗannan baƙi ne, labarin gero suka ji, suna ta zuwa daga unguwanni, wasu ma da ganin wuyansu ka san daga Tsarnawa suke.

Ta ce, "To in sun mutu ina gawa?"

Ya ce, "Su ba su da 'yan'uwa? Binne su suke yi."

Yana wannan magana idonsa ya sauka a kan rumbunsa. Ya daɗe yana kallo. Rumbun nan tun na kakansa ne, ɓera bai taɓa shiga ba. Me ya sa? Yana kan duwatsu, ƙasa ba ta taɓa shi. An yaɓe shi da laka, ko allura ba ta samun hanya. Ga jinka a kai. Ya dubi rumbu, ya dubi mota. Ya ce ashe masu ƙera mota duk iliminsu abu kaɗan ya gagare su.

Zalika ta gane kallon, ta ce, "Malam, mota ce hwa."

Ya ce, "Shi ɓera ya san bambanci?"

Ya kira gayya. Zalika ta dama fura tana ƙunƙuni. Majiya ƙarfi suka zo da itatuwa, aka sa waƙa, aka ɗaga Fijo cak aka ɗora ta a kan manyan duwatsu, tayoyi na reto. Aka kwaɓa laka da ciyawa da kashin jaki, aka bar ta ta kwana ta yi danƙo. Mutumin da kansa ya yi yaɓen, don hannunsa yana da kyau a wannan aiki, ba a ƙwace masa. Ya bi ƙasa, ya bi gefe, ya bi fitilu, ya bi gilashi. Wani daga cikin 'yan gayya ya tambaya ko Alhaji ya san da wannan. Ya ce Alhaji kallo ya ce a yi, kuma yanzu ma aka samu abin kallo. A tagar baya kawai ya bar ɗan baki, ya yi masa murfi da kasko. Ya ɗora jinka. Aka yi fatiha aka watse.

Daga nan duk bayan ɗan lokaci sai ya sayo ƙulli guda, ya juye a buhun gero, ya ɓalle kasko ya ɗura ta bakin, ya mayar ya liƙe. Ya ce ko akwai sauran masu taurin rai a ciki. Tuwon gida ya fara ƙanƙancewa. Zalika ta ce su suna auna gari da ludayi, mota na ci da buhu. Shi kuwa sai ya kara kunne a jikin laka, ya ji gudu-gudu da tsuwa kamar ana rabon gado, ya yi murmushi.

"Kin ji? Kakarin mutuwa ne. Magani na aiki."

Damina ta zo ta wuce. Kabewa ta hau jinka ta yi 'ya'ya. Kaji suka mai da ƙarƙashin wurin ƙwai. Baƙi masu zuwa kasuwa sukan tsaya su tambayi wane magini ne ya yi dogon rumbu mai hanci, shi kuma ya ce aikin hannunsa ne, amma ba ya yi wa kowa.

Ana nan aka buɗe iyaka. Rannan da hantsi sai ga Alhaji Abarshi ya sauka daga motar haya, batir a buhu, jarkar mai a hannu. Mutumin ya tare shi da murna, ya shimfiɗa masa tabarma a inuwa. Alhaji ya zauna ya jingina bayansa, Zalika ta kawo fura ta durƙusa ta gai da yayanta, ta koma ciki da sauri ba ta ko tsaya jin labarin Abijan ba. Alhaji ya sha, ya yi hamdala. Ya yaba sanyin wurin. Ya ce da alama noma ya yi kyau, har an ƙara rumbu. Ya duba dama, ya duba hagu.

Ya ce, "To, mijin Zalika, ina mota?"

Ya ce, "Ka jingina da ita, Alhaji."

Alhaji ya waiwaya a hankali. Ya tashi. Ya zagaya ginin, ya sake zagayawa. Ya ƙwanƙwasa da yatsa. Daga ciki aka amsa masa da gudu-gudu. Sai ya miƙa hannu aka ba shi gatari.

Mutumin yana biye da shi yana cewa a bi a sannu, yaɓen ya ci aiki. Unguwa ta taru, har liman. Aka ɓamɓare laka ta wajen ƙofar direba, farin fenti ya bayyana, Alhaji ya ɗan yi ajiyar zuciya. Ya kama hannun ƙofa ya ja.

Balaraba, ba gudu suka yi ba. Saukowa suka riƙa yi ɗaya bayan ɗaya, kamar fasinja a tashar Konni. Manya a gaba, masu ciki a tsakiya, ƙanana a baya, wasu na lumshe ido don ba su taɓa ganin rana ba. Mussar maƙwabta, wato kyanwarsu, ta zo da gudu, ta ga girmansu, ta hau dogon yaro. Aka daɗe ana sauka. Da ƙura ta lafa Alhaji ya leƙa. Kujeru sai ƙarafa. Waya ko ta ɗaure bakin buhu babu. Sitiyari ya koma kamar rake da yara suka gama da shi. Ƙaiƙayin gero ya kai gwiwa.

Alhaji ya yi salati, ya zauna a kan jarkar mai. Liman ya matso zai yi addu'a, Alhaji ya ɗaga masa hannu ya ce a dakata tukuna. Ya juya ya dubi mutumin nan.

Ya ce, "Garka dai ka yi sallama da ita yau. Amma don Allah gaya mini abu guda. Ka ce ka toshe ko'ina. Wannan al'umma duk ta ina ta shiga?"

Amsar da ya bayar ita ce nake roƙonki ki bar ta tsakaninmu, Balaraba, kada ki gaya wa kowa, don matarsa tana nan da ranta kuma tare muke zuwa karatu. Gyara hula ya yi, ya ɗan rusuna, ya ce:

"Alhaji, tun ranar da na yaɓe ta baƙo ko ɗaya bai shiga ba. Waɗanga duk cikin motarka aka haife su, naka ne halak malak. Ka bar mini garka kawai, kason kiwo na yafe."