Yadda Za Ka Ƙara Wa Kwamfuta Sauri Ka Rasa Budurwa

Shekara goma sha ɗaya ina dafa shayi a ofishin masu kwamfuta a Nairobi, kunnena bai taɓa tafiya hutu ba. Bi matakan nan, ɗana, na yi maka alkawari kafin sati ya zagayo ka koma tuzuru. An gwada a kan Mutiso, injiniyanmu, kuma ya ci.

1. Nemo matsalar da ido ba ya gani

Mutiso ya ce a can cikin kwamfuta akwai ɗan aike mai fitar da saƙo ƙulli-ƙulli. Ƙullin na hannunsa, amma ba ya motsi sai mai rabon layi ya kira shi, kamar matatu, motar hayarmu, a tasha. Wannan jiran ne ya hana Mutiso sakat.

Na ce, "Jiran awa nawa ne?"

Ya ce, "Mama, ko ƙiftawar ido bai kai ba."

Na ce sannu da jihadi.

2. Kifa wayarka

Ran Litinin Nduku, yarinyar da yake nema, ta rubuto: "Baba na jiranka ran Asabar a gida, Machakos. Za ka zo?" Ba leƙe na yi ba, tebur nake gogewa. Kada ka amsa. Masana sun ce mace na son a ba ta lokacin tunani. Ni ce masanan.

3. In ta kira, yi mata bayani

Ran Alhamis ta kira. Ya ce, "Masoyiya, kina layi, akwai abin da ya fi gaggawa." Ta ce, "To." Shekarata sittin da bakwai, ban taɓa jin "to" mai gajarta haka ba.

4. Yi nasara ran Asabar

Ranar ya kama mai rabon layin, ya sa shi kiran ɗan aike a kan kari. Aka tafa, aka ci mandazi, fankenmu na nan. Can Machakos kuwa an yanka akuya, kawunnai sun sa kwat suna kallon hanya. Ƙanwar maƙwabciyar su Nduku ce ta gaya min, cocinmu ɗaya.

5. Yanzu amsa

Litinin ya rubuta, "Zan zo." Gaskiya saƙon ya tafi kamar walƙiya. Amsar ma ba ta bi layi ba: "An cinye akuyar. Kada ka wahalar da kanka."

Gargaɗi: ni shayi nake dafawa, ban aiki kowa ba. In dabarar ta ci, kada ka kawo min kuka kicin. Kujera ɗaya ce, kuma Mutiso na kanta tun safe.