Ranar da Takardata Ta Warkar da Malama

Ba yabon kai ba, duk asibitinmu babu wanda ya kai ni iya auna wahalar mutane. Likitoci suna auna jini, masu jinya suna auna zafin jiki, ni kuwa abin da ido ba ya gani nake aunawa. Shi ya sa abokan aiki suka laƙaba mini Dakta Sikeli. Na ɗauka yabo ne, har na sa aka rubuta mini a ƙofa.

Fannina wani ciwo ne na gado da ke cin jijiyoyin laka, tsoka ta riƙa ƙanƙancewa har tafiya ta gagari mutum, wani ma ya kasa ɗaga kofin ruwa. Shekara biyu ina tsara takardar da masu ciwon za su cika, su faɗi nauyinsa da kansu. Tambaya tamanin da huɗu, shafi goma sha ɗaya. Ban nemi shawarar ko mutum ɗaya daga cikinsu ba. Me zai sa? Ni na yi karatun.

Wata Laraba aka turo mini wata Malama mai koyar da lissafi a sakandare. Hannuwanta sun daina iya tura kekenta na guragu, tana neman mai batir daga wata ƙungiyar agaji, in ba haka ba aikinta ya suɓuce. Ƙungiyar kuwa ta ce sai ta ga makin takardata. Ofishina yana hawa na uku, lif, na'urar hawa bene, ya yi wata biyu a mace. Yayanta, direban babbar mota, shi ya ɗauko ta har sama, ya koma ya kinkimo keken. Na duba agogo na shaida musu sun makara da minti goma.

"Malama, yau ranarki ce," na ce. "Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Mu masana mun yanke shawarar sauraron marasa lafiya."

Minti arba'in na yi ina bayanin muhimmancin sauraro.

Da na tsaya shan ruwa ta samu faɗin nata. "Dakta, ni abin da ya fi damuna ɗaga hannu in yi rubutu a allo. Sai kuma juyi a kwance, sai an juya ni."

"Wannan ba ya cikin takarda. Duba tambaya ta bakwai: daga sifili zuwa huɗu, yaya wahalarki wajen gudu ki kama mota?"

Ta dube ni, ta dubi kekenta.

Na miƙa mata alƙalamina na ƙarfe, mai nauyi kamar guduma. Yayan ya ce, "Dakta, ta faɗa ni in rubuta mana."

"A'a! Sai da hannunta. Kana so ka gurɓata ilimi?"

Tana gama tambaya ta talatin da ɗaya hannunta ya gaji, alƙalamin ya faɗi ƙasa. Na karɓi takardar, na yi mata fatan alheri.

Kwamfuta ta haɗa maki, ta ce nauyin ciwon Malama kaɗan ne. Na aika wa ƙungiyar. A taron ma'aikata ma na haska sakamakon a bango, na ce marasa lafiyarmu sun fi yadda suke zato lafiya. Aka tafa mini. Ni ma na ɗan tafa.

Bayan mako biyu aka ce ana nemana a ƙasa. Malama ce, da wasiƙar hana ta keke a cinya, ga shugabar sashenmu tsaye, ga masu jiran likita cike da benci.

"Dakta," in ji Malama, "tamanin da huɗu a cire talatin da ɗaya?"

"Hamsin da uku."

"Maki nawa ka ba waɗanda na kasa cikawa?"

"Sifili."

"Sifili a takardarka me yake nufi?"

"Babu wahala."

"Wato wanda ya fi kowa gajiya shi ya fi kowa lafiya. A kawo maka gawa, ita za ta zo ta ɗaya."

Benci ya kwashe da dariya. Na yi borin kunya, na ce kuskuren kwamfuta ne.

Yayan ya ce, "Haka ne, Dakta. Mu ma in muka jefa mota a rami, sitiyari muke zagi."

Girman kai rawanin tsiya. A nan kan bencin na zauna, tana faɗin sauran amsoshin ina rubutawa. Na aika wa ƙungiyar sabon maki da wasiƙar ban haƙuri. Sai bayan mako shida keken ya zo, ta yi asarar rabin zangon karatu saboda ni. Ita da wasu masu ciwon su tara suka zauna suka yi wa takardata aski, ta koma tambaya goma sha takwas, kusan babu tawa a ciki.

Amma hali zanen dutse. Na rubuta rahoto a kan yadda na gano wannan sabuwar hanya, na kai mata ta duba, don ta ga na sa ta a shafin godiya. Ta karanta tsaf, ina tsaye ina gyara kwalar riga.

"Rubuta a sama," ta ce. "Uku bisa goma."

"Uku, Malama?"

"Biyu daga ciki makin zuwa aji ne."