Titin da Na Bi da Shi Ta Kan Kakana

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na haska zanen titi a garinmu ba, kuma wallahi har yau in na tuna sai haushi ya turnuƙe ni. Haushin kwamfuta, haushin ogana, sannan babban kason nawa ne.

Lokacin ina ƙaramin injiniya a wani kamfani da ya buɗe ofis a Gummi, aka ba mu zanen hanyar da za ta ratsa ƙauyenmu kusa da Adabka. Zanen farko ya bi ta cikin makabarta, gari ya ɗauki zafi. Aka zauna, aka yarda za a karkatar da titin ta gabas. Ni ɗan gari, ni na tsaya gaban Kawu Ummaru, yayan Inna, na buga ƙirji na ce ko ƙurar mota ba za ta kai kaburburan ba. Kan maganata dattawa suka amince, saura kawai su gani da idonsu.

To ga yadda aikin yake. Hajara, abokiyar aikina, ita ke riƙe da fayil ɗin layin titi. Ni kuma nawa fayil ɗin na kwalbati ne, wanda nake ginawa a kwamfuta da jiki sosai, ka juya shi ka leƙa ta kowane gefe. An ɗaure fayilolin biyu, duk abin da ta taɓa a nata sai ya bayyana a nawa. Tana karkatar da titin, kwalbatina ya tsaya cak. Bango ya ƙi haɗuwa da rufi, jan rubutu ya cika fuskar kwamfuta. Na rushe na sake, ya ƙi. Na kashe na kunna (maganin da muke raina wa mutane, mu sha a ɓoye), ya ƙi. Oga kuwa sai leƙowa yake yana tambaya ko an gama, kamar tuwo na ɗora.

Na je na sauke wa Hajara fushina, na ce fayil ɗinta ne ke da aljanu. Ta ce in duba tsayin ƙasa a sabon wurin, akwai gangare. Ban ko bari ta ƙarasa ba. Ni za a koya wa kwalbati?

Sai dabara ta zo mini. Na tsinke ɗaurin, na ɗauko wani kwafin titin da ke ajiye a kwamfutata na liƙa. Nan take jan rubutu ya ɓace, kwalbati ya tsaya tsaf, gwanin sha'awa. Na zaga ofis ina shelar cewa na gano matsalar (har shayi na saya wa kaina). Ban tambayi kaina na yaushe ne kwafin ba.

Ranar taro ni da Hajara muka sha gargada a kan babur, aka tayar da janareto, aka haska majigi a bangon wani aji na makarantar garin. Dattawa sun cika benci, Kawu a gaba. Na fara juya kwalbati ina zuba bayani, murya har da ƙwaisa. Da na ja hoton baya don su ga titin gaba ɗaya a kan hoton garin na sama, sai ajin ya yi tsit. Na zaci burge su na yi, na ƙara gyara tsayuwa.

Kawu ya miƙe a hankali, ya je ya ɗora sandarsa a bangon.

"Wagga tsamiya na san ta. Nan ƙasanta munka rufe kakanka. Mi kac ce muna, ɗan ƙanwata?"

Na juya na kalli bangon. Ga titi ɓaro-ɓaro, fari tas, ya ratsa makabartar, ga kwalbatina zaune daram a tsakiya. Tsohon zanen ne na liƙa. Na fara cewa ai kwamfuta ce, Kawu ya ce shi bai san wata kwamfuta ba, ni ya sani. Wani tsoho daga baya ya ce dama haka 'yan boko suke, su lallashe ka da baki, hannu na wani aikin. Wannan ta fi yi mini ciwo.

Hajara ce ta buɗe nata fayil ɗin ta nuna musu layin gaskiya. Duk da haka sai da aka fita da su fili, aka kafa turaku suna kallo, kafin su yarda. Jan rubutun nan kuwa gaskiya yake faɗa tun farko: bangon kwalbatina bai kai ƙasa ba a gangaren, gyaran da bai fi a sake awo ba.

Yanzu in kwamfuta ta yi ƙorafi, sauraronta nake yi da ladabi, na daina toshe mata baki. Kawu ya yafe mini, haka ya ce. Amma har gobe in na je gida na ce zan leƙa makabarta ziyara, sai ya sa takalminsa ya biyo ni, wai yana so ya tabbatar addu'a ce ta kawo ni, ba awo ba.